Tafkin Maga: makonnin ƙarshe kafin tsuntsayen Turai su tashi

Daga farkon Maris zuwa tsakiyar Afrilu, duk wanda ya yi sammako zuwa bakin tafkin Maga, gabas da Marwa a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, zai tarar da tsuntsaye sun fi na kullum cunkoso. Dalili biyu ne. Zafin bazara ya ƙafar da ƙananan tafkuna da fadamu, don haka kowa ya tattaro inda ruwa ya rage. Sannan baƙin da suka yi hunturu a nan suna shirin komawa Turai da Rasha, inda sanyi ya fara sauka kuma lokacin yin ƙwai ya gabato.

Cikin baƙin akwai ƙaramar agwagwar nan da ake kira sarcelle d'été da Faransanci, mai farin zane a saman idon namijin, da kuma combattant varié, mai dogayen ƙafafu, wanda ke tsintar ƙwayar shinkafa a gonakin da aka girbe. Cin da suke yi yanzu guzuri ne. Hamadar Sahara na gabansu, tafiyar da ta haura kilomita 1,500 babu wurin kiwo, kuma wasu ƙananan tsuntsaye sai sun kusa ninka nauyinsu da kitse kafin su tashi. Wanda bai ƙoshi ba, a hanya yake faɗuwa.

'Yan gida kuwa suna nan: kirinjijiya mai fito, dinya, zalɓe, balbela, wani lokaci har da gauraka. Shamuwa tata tafiyar daban ce. Daga kudancin Afirka take zuwa dab da saukar damina, wato tana isowa daidai lokacin da waɗancan ke barin mu.

Shi kansa tafkin ɗan Adam ne ya yi shi. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Ta samar da ruwan da ba ya ƙafewa, amma ta tare ambaliyar da ke shayar da fadamun Logone da gandun Waza, abin da ya taɓa makiyaya da masunta da tsuntsaye baki ɗaya, har sai da aka sake buɗe wata hanyar ruwa a 1994. A 2006 fadamar Waza-Logone ta shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, kamar yadda tafkin Fitri na Chadi ya shiga tun 1990. Abin da ya faru a nan kan bayyana can nesa: bayan farin Sahel na ƙarshen shekarun 1960, masu ƙidaya a Ingila sun ga wasu tsuntsayen da suka saba dawowa sun ragu ƙwarai.

Ga mai son kallo, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara ya fi, kafin ƙura da zafi su tashi. Madubin hangen nesa na taimakawa, amma zama shiru kan ganuwar madatsar, da rana a bayanka, ya wadatar. Kada a kore su don ɗaukar hoto da waya. Kowane tashi na banza yana cin kitsen tafiya. Akwai dorina a tafkin, saboda haka sai a tambayi masunta kafin shiga kwalekwale. In an ga matattun tsuntsaye da yawa wuri guda, kada a taɓa su, a sanar da ma'aikatan dabbobi saboda murar tsuntsaye.