Amrish Puri: Fuskar Da Aka Ƙi Ita Ta Zama Jari

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano ko Kaduna ko Jos ya san fim ɗin Indiya ba ya armashi sai da mugu, wato wanda 'yan kallo ke kira bos. A wannan fage kuwa da wuya a sami wanda ya kamo ƙafar Amrish Puri.

An haife shi a yankin Punjab a 1932. Yayyensa biyu, Chaman da Madan Puri, 'yan wasa ne, amma da shi ya je gwaji a Bombai cikin shekarun 1950, sai aka ce fuskarsa ta yi kaushi, ba ta dace da jarumi ba. Ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata, yana kuma wasan kwaikwayo na daɓe. Bai fara fitowa a fim ba sai wajen 1970, yana dab da shekara 40.

Ashe wannan fuska, da zare ido da murya kamar aradu, su ne arzikinsa. Saboda fim ɗin Steven Spielberg na 1984, Indiana Jones and the Temple of Doom, ya aske kansa ƙwal, bai sake tara suma ba. A 1987 ya fito a matsayin Mogambo cikin Mr. India. A 1995, cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge, ya zama uba mai tsauri da ya so yi wa 'yarsa auren dole, daga bisani ya saki hannunta a tashar jirgin ƙasa.

Ya rasu ranar 12 ga Janairu, 2005, ya bar fina-finai fiye da 400.