Tsohuwar Mace ko Ƙasaitaccen Namiji: Farautar Barewa a Amurka

Kafin in shiga cikin magana sai na warware wata matsala ta suna. Dabbar da zan yi bayani a kanta ba ita ce barewar da ake gani a dajin Arewa ba, 'yar'uwarta ce ta nesa da ke zaune a Amurka, wadda ake gane ta da farar wutsiya. Barewarmu, mace da namiji duk suna da ƙaho, kuma ba ya faɗuwa. Ita kuwa ta Amurka, namiji ne kawai ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana faɗuwa kowace shekara a ƙarshen hunturu, sabo ya fito. Ni da na koyi Hausa a aji, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kalmar barewa jinsin mace ce, don haka dole in riƙa cewa namijin barewa da macen barewa.

Mafarautan Amurka sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi wuyar samu, namijin da ya shekara biyar ko macen da ta kai wannan shekaru. Yawancinsu namiji suke nema, saboda ƙahonsa da ake ratayewa a bango. Har ƙungiya gare su mai auna ƙaho tana ajiye lissafi, wato Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887. Namijin da ya girma ba shi da son fitowa da rana. Yakan kwanta cikin duhuwa, sai dare ya yi ya fita kiwo, kuma a wurin da ake yawan farauta ƙalilan ne ke kaiwa wannan shekaru. Amma yana da lago guda. A jihohin arewacin ƙasar, idan watan Nuwamba ya kama, lokacin barbara ya zo ke nan, sai ya manta da tsoro. Ya bar cin abinci sosai, ya yi ta yawo da rana tsaka yana bin sawun mata, har ya kan zubar da kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa. A waɗannan 'yan makonni ne ake harbe mafi yawan manyan maza.

Ita tsohuwar mace ba ta da irin wannan hauka. Ganinta ba wuya, domin mata sun fi yawa kuma suna fitowa kiwo da sauran haske. Kusantarta ne aiki. Ba ta tafiya ita kaɗai: tana tare da 'ya'yanta na bana da 'ya'yanta mata na bara, wani lokaci har da jikoki, domin 'ya mace kan zauna kusa da inda uwarta take, ɗa namiji kuwa idan ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai ya bar gida. Mafarauci da ya hau bishiya yana jira, idanu da hanci da kunnuwa da yawa yake fama da su. Da zarar iska ta kai mata warin mutum, sai ta tsaya cik, ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi wani irin huci mai ƙarfi, ta ɗaga farar wutsiyar nan, duk garken ya watse. Ƙananan suna kallo suna koyo. Bahaushe ya riga ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ganina, samun namiji haƙuri da sa'a yake so, amma harbin tsohuwar mace shi ne ya fi nuna wanda ya iya karanta iska da ɓoye kansa.

Akwai kuma wahalar gane shekaru. Namiji ana duba kaurin wuyansa da faɗin ƙirjinsa. Mace ba ta da ƙahon da zai taimaka, sai dogon hanci da tsawon jiki, kuma mai gaggawa kan harbi ɗan ƙaramin namiji da ƙahonsa bai fito ba yana zaton mace ce. Tabbacin shekaru sai bayan an kashe, a duba yadda haƙora suka cinye.

To, me ya sa hukuma ta damu da wanda aka harba? Lissafi ne. Namiji ɗaya na iya barbarar mata da yawa, saboda haka ko an kashe maza da dama, haihuwa ba ta raguwa sosai. Mace kuwa tana ɗaukar ciki na kwana 200 ko kusa da haka, kuma babbar mace mai ƙoshi tagwaye ta saba haifa. Wanda ya kashe ta, ya rage garken baɗi da uku. Wajajen 1900, yawan harbi don sayar da nama da fata ya sa waɗannan bareyi sun ragu zuwa kimanin 500,000 a duk ƙasar. Sai jihohi suka hana taɓa mace, kamar yadda Pennsylvania ta yi a 1907. Dabarar ta ci, har ta wuce gona da iri, domin yau ana ƙiyasta su kusan miliyan 30. Suna cinye ƙananan itatuwan daji kafin su girma, suna shiga gonaki, kuma motoci fiye da miliyan ɗaya ke karo da su kowace shekara.

Da hukumomi suka juyo suna roƙon a harbi mata, sai suka tarar kakanni sun riga sun koya wa jikoki cewa kashe mace abin kunya ne. Jihar Wisconsin ta taɓa yin doka cewa a wasu yankuna sai mutum ya fara kawo barewa marar ƙaho kafin a ba shi izinin harbin namiji. Mafarauta suka yi ta ƙorafi har majalisar jihar ta soke dokar a 2011. A Pennsylvania kuwa, a 2002 aka ƙara ƙa'idar rassan ƙaho don a bar ƙananan maza su girma, tare da ƙara lasisin harbin mata, kuma masanin da ya jagoranci shirin, Gary Alt, ya sha suka ƙwarai har ya bar aikin bayan 'yan shekaru.

Ga mai neman nama, zaɓin ba shi da wuya. Namijin da aka harba a tsakiyar barbara ya rame, namansa kuma yakan yi wari da tauri, alhali macen da ta ci ta ƙoshi a kaka tana da kitse, naman kuma ya fi laushi.