Giyar sufayen Chartreuse: gwamnati ta ƙwace suna, asiri ya tafi da masu shi

Ranar 29 ga watan Afrilu na shekara ta 1903, sojojin Faransa suka hau duwatsun da ke arewa da birnin Grenoble, suka fitar da wasu sufaye Kiristoci daga gidan ibadarsu mai suna Grande Chartreuse. Gwamnati ta karɓe gini, ta karɓe tukwanen tatsar giya, ta karɓe har sunan da ke manne jikin kwalba. Abu guda ne hannunta bai kai gare shi ba, watau yadda ake haɗa ganyaye da saiwoyi da furanni iri 130 su zama giyar Chartreuse. Giya dai Musulunci ya haramta ta, amma rigimar da ta biyo baya rigimar kasuwa ce, wadda duk mai haja da suna zai gane kanta.

Abin da Faransawa ke kira likor barasa ce da aka jiƙa tsirrai ko ƴaƴan itace a cikinta, aka tatse, sannan aka ƙara mata sukari. Asalinta magani ne. Masu haɗa magunguna da sufayen Turai sun daɗe da lura cewa barasa tana jawo ƙarfin ganye kuma tana hana shi lalacewa, sukari kuwa don a iya haɗiye ɗacin ne. Daga baya mutane suka bar ciwo suka bi zaƙi.

Ƙungiyar waɗannan sufaye ta kafu tun shekara ta 1084, kuma tsarinta shi ne shiru da kaɗaici da addu'a. Bisa ga tarihin da gidan yake bayarwa, a shekara ta 1605 wani babban soja mai suna François-Annibal d'Estrées ya ba reshensu na Paris wata takarda mai ɗauke da haɗin maganin tsawon rai. Takardar ta yi wuyar warwarewa. Sai a 1737 aka duƙufa a kanta a babban gida, kuma a 1764 aka tsayar da haɗin. Maganin farko har yanzu ana sayar da shi cikin ƴar kwalba mai gidan katako, ana ɗiga shi a kan ƙwayar sukari. Zuwa 1840 kuwa akwai iri biyu na sha a kasuwa, koriya mai barasa kashi 55 cikin 100, da rawaya wadda ta fi zaƙi da sauƙi.

Akwai wani labari da ma'aikatan ofis za su ji daɗinsa. Lokacin juyin juya halin Faransa, da aka tarwatsa sufayen karo na farko, takardar ta faɗa hannun wani mai kantin magani a Grenoble, Liotard. A 1810 sarki Napoleon ya ba da umurni a aika duk wani maganin asiri ofishin ministan cikin gida don a duba. Ana ruwaito cewa Liotard ya aika, ofis ya buga mata hatimin ƙin amincewa, ya maido masa abarsa. Ke nan gwamnati ta taɓa riƙe asirin a hannu ta sake shi, shekara 93 kafin ta aika sojoji.

Bayan korar 1903, wadda ta biyo bayan dokar ƙungiyoyi ta 1901, sufayen da suka san aikin suka ƙetara Ispaniya, suka kafa masana'anta a Tarragona. A Faransa kuma aka sayar da sunan ga wani kamfani, ya shiga zuba tasa giya cikin kwalba mai tambarin Chartreuse. Mashaya ba su daɗe ba suka ji bambanci a harshe, suka koma neman ta Tarragona. Magana ta kai gaban alƙalai a ƙasashen waje. Babbar kotun Ingila a 1910, da kotun ƙoli ta Amurka a 1911, duk suka ba sufaye gaskiya, suka ce ƙwacen da aka yi a Faransa bai ƙetare iyaka ba. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin ya karye, abokan sufayen suka saye hannun jarinsa da araha suka miƙa musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, to amma a wannan karon gardin ne ya tashi hannu wofi.

Ba kowace likor ke da sufaye a bayanta ba, ko da tana ɗauke da sunansu. Bénédictine, mai tsirrai 27, wani ɗan kasuwa ne na garin Fécamp, Alexandre Le Grand, ya fito da ita a 1863, ya jingina ta da wani tsohon gidan ibada don ta samu kwarjini. Cointreau, da ake yi da ɓawon lemu, ta ƴan uwa ce masu sana'ar alewa da suka buɗe gidansu a Angers a 1849. Grand Marnier ta zo a 1880.

Wanda ya buɗe wa waɗannan kwalabe sabuwar ƙofa shi ne haɗin da ake kira kwaktel, kuma a Amurka ya girma. Wata jarida ta jihar New York ta bayyana shi a 1806 da cewa barasa ce da sukari da ruwa da ɗan maganin ɗaci. Littafin farko na masu wannan sana'a, na Jerry Thomas, ya fito a 1862, kuma a cikinsa ana yawan zaƙaƙa haɗi da ruwan sukari mai ƙaro, irin ƙaron dakwara da Turawa ke saye daga yankin Sahel. Likor ta samu shiga domin cokali guda nata yana kawo zaƙi da ƙamshi da launi a lokaci ɗaya. Cointreau ta zama ginshiƙin Sidecar da Margarita, Bénédictine ta shiga Vieux Carré na birnin New Orleans.

Chartreuse kuma tata hanyar ta fi ban mamaki. A 1916 wani kulob na birnin Detroit yana sayar da wani haɗi mai suna Last Word: jin, da koriyar Chartreuse, da likor ta ceri mai suna maraskino, da ruwan lemun tsami, kowane daidai da ɗan uwansa. Dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 ta zo ta wuce, aka rubuta haɗin cikin wani littafi a 1951, sannan aka manta da shi. Wajen 2004 wani mai haɗa giya a Seattle, Murray Stenson, ya tono shi daga tsohon littafin ya sa a jerin abin sha na mashayar Zig Zag. Cikin ƴan shekaru haɗin ya bazu daga New York har Tokyo, buƙatar koriyar kwalba ta yi tashin da ba a gani ba tun ƙarni na 19.

A nan ne sufayen suka yi abin da ɗan kasuwa ba kasafai yake yi ba. A 2019 suka yanke shawarar ba za su ƙara yawan abin da suke fitarwa ba, wanda ya riga ya haura kwalba miliyan ɗaya a shekara. Cikin watan Janairu na 2023 wasiƙar da aka aika wa dillalai ta fito fili, tana ba da dalili biyu: rayuwar addu'a da kaɗaici ita ce gaba, kuma tsirrai da muhalli ba za su jure ƙari marar iyaka ba. A shekarar nan kantuna da dama a Amurka suka wayi gari babu ko kwalba, farashi ya hau, masu mashaya suka koma gwada génépi, wata likor ta tsirran duwatsun Alpes, a madadinta.

Masana'antar ta sha ƙaura. Zaftarewar ƙasa ta rushe ta Fourvoirie a 1935, aka koma Voiron, aka rufe ta Tarragona a 1989, kuma tun 2018 ana tatsa a Aiguenoire, kusa da gidan ibadar. Akwai ma'aikata da injuna da kwamfutoci, akwai kamfanin da ke kula da ciniki. Amma sufaye biyu, wani lokaci uku, su kaɗai ke auna tsirran su gauraya, ma'aikata kuwa buhuna ne ke iso musu, ba suna a jiki sai lamba.