YADDA ZA KA MAYAR DA SANTIMITA ZUWA ƘAFA DA INCI A GONARKA

Manomi, ɗauko buhun irin da ka saya, ko kwalbar maganin feshi, ka duba rubutun da ke jiki. Za ka ga tsawon shuka da tazarar kunya da zurfin rami duk an ba da su da santimita, wani lokaci a taƙaice da haruffan nan biyu, cm. Kai kuwa ƙafa da inci ka sani. Da su magini ya auna ɗakinka, da su kafinta ya yi maka ƙofa.

Abin da ya kawo haka shi ne Nijeriya ta sake awo. A 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, a 1974 kuma aka yi dokar awo wadda ta tsayar da mita da lita da kilo. Kuɗi ba a daɗe ba kowa ya saba da su, don kullum suna hannu. Awon tsawo kuwa har yau a wurare da yawa takarda tana maganar santimita, manomi yana tunani da ƙafa. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su da wannan wahala, su tun zamanin Faransa da mita suke aiki.

KADA KA RENA KUSKUREN

Ga misali ɗaya. Wajen fesa maganin ciyawa da famfon goyo, sau da yawa akan ce ka riƙe bakin famfon kamar santimita 50 daga ƙasa. Wannan inci 20 ne, wato ƙafa 1 da inci 8, daidai gwiwar babban mutum. To, a ce ka ɗauka inci 50 ake nufi. Sai ka ɗaga bakin famfo ƙafa 4 da inci 2, kusan ƙirjinka. Me zai faru? Iska za ta kwashe maganin ta kai gonar maƙwabci ta ƙona masa wake, wani ya dawo fuskarka ka shaƙa, ciyawar da ka yi niyya kuwa ba ta samu abin da zai kashe ta ba. Ka yi hasarar kuɗin magani, ga rigima da maƙwabci a gaban mai unguwa.

Haka yake wajen dashen tumatir. An ce ka cire shi daga bedi idan ya kai santimita 10 zuwa 15, wato inci 4 zuwa 6. Wanda ya jira har ya kai inci 15 ya bar shi ya tsufa ya yi siriri, in an dasa sai ya daɗe yana yaushi kafin ya kama.

ABU UKU DA ZA KA RIƘE A KA

Inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Tun 1959 aka tsayar da wannan, ba ya canzawa. A gona ka ɗauke shi santimita biyu da rabi.

Ƙafa 1 inci 12 ce, wato santimita 30 da kusan rabi.

Mita 1 santimita 100 ce. Ta fi yadi da inci uku da ɗan ɗoriya.

LISSAFIN KANSA

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar alƙalami. Ka ninka santimitar sau huɗu, ka raba gida goma, abin da ya fito inci ne. Santimita 25 sau huɗu 100 ke nan, a raba goma, inci 10. Santimita 75 sau huɗu 300, a raba goma, inci 30. Daga nan sai ka fitar da ƙafafu: kowane inci 12 ƙafa guda. Inci 30 akwai 12 sau biyu a ciki, saura 6. Ke nan ƙafa 2 da inci 6, wato ƙafa biyu da rabi. Wannan ita ce tazarar da aka saba bayarwa tsakanin kunyar masara da 'yar'uwarta, inci 10 ɗin kuwa tsakanin rami da rami.

Amma fa wannan hanya tana ɗan zarce gaskiya kaɗan. A ƙaramin awo ba za ka ma lura ba. Idan abu ya yi tsawo sai ka gyara: a kowace ƙafa biyar ka cire inci ɗaya.

Bari mu gwada da dawa. A ce an rubuta a buhu cewa wannan iri yana kai santimita 180. Sau huɗu, 720. A raba goma, inci 72. Ya wuce ƙafa biyar, don haka cire ɗaya, saura 71. Akwai 12 sau biyar a cikin 71, saura 11. Dawar nan tsawonta ƙafa 5 da inci 11, kamar dogon mutum a tsaye. Dawarmu ta gargajiya irin su farafara takan kai santimita 300 har ta wuce. Sau huɗu 1,200, a raba goma 120, ƙafa goma ke nan don haka cire biyu, saura 118: ƙafa 9 da inci 10. Yanzu ka ga bambancin da idonka kafin ka fitar da kuɗi. In kara kake so na darni da rufi da makamashi, gajeren iri ba zai ishe ka ba. In kuwa gonarka a fili take inda iska ke kwantar da dawa, gajeren ya fi tsayawa, kuma ya fi daɗin yanka.

Ga kaɗan da za ka riƙa haɗuwa da su:

Santimita 5, inci 2
Santimita 15, inci 6
Santimita 30, ƙafa 1
Santimita 45, ƙafa 1 da rabi
Santimita 60, ƙafa 2
Santimita 90, ƙafa 3, wato yadi guda
Santimita 150, ƙafa 4 da inci 11
Santimita 200, ƙafa 6 da inci 7

TARKON WAYA

Yanzu kusan kowane gida akwai wayar hannu mai lissafi, kuma yara 'yan makaranta sukan ce, “Baba, kawo in buga maka.” Madalla, amma a nan ne aka fi yin kuskure. Yaro zai raba 165 da 30.48, waya ta nuna 5.41. Sai ya ce maka ƙafa 5 da inci 4, wani ma ya ce da inci 41. Duka biyu ba daidai ba ne. Abin da ke bayan ɗigo ba inci ba ne, gutsuren ƙafa ne wadda aka raba gida ɗari, alhali ƙafa gida goma sha biyu aka raba ta. Sai an ninka 0.41 sau 12 tukuna, a samu kusan 5. Amsa ita ce ƙafa 5 da inci 5. Haka kuma 5.5 ƙafa biyar da rabi ce, wato da inci 6, ba inci 5 ba. In da waya za a yi, ya fi sauƙi a raba santimitar da 2.54 a samu inci, sa'an nan a fitar da sha biyu-sha biyu da ka.

DAGA INA ZUWA INA AKE AUNA SHUKA?

Lissafi mai kyau ba zai gyara awo marar kyau ba. Ka aza sanda ko tef a gindin shuka, a saman kunya inda ta fito daga ƙasa. Kada ka aza a cikin kwari, don zurfin kwarin zai shiga cikin awon, ka ga shukarka ta yi tsawon da ba ta da shi. Kada kuma ka ja ganye sama ka miƙe shi. Ka auna ta yadda take tsaye.

Shuka ɗaya ba ta isa ba. Ido yakan tafi wurin wadda ta fi kyau, musamman ta kusa da juji ko inda shanu suka kwana. Ka ratsa gonar ka auna goma daga wurare dabam-dabam, ka tara, ka raba gida goma.

Game da kamu da taƙi, ba mu ce ka yar da su ba, iyayenmu da su suka yi noma. Sai dai kamun wani ya fi na wani. Na babban mutum yakan yi kusan santimita 45, taƙi kuma kusan 20. In kai ka fara shuka da kamunka, ƙaramin ɗanka ya ƙarasa da nasa, gona ɗaya ta zama tazara biyu. Ka auna naka sau ɗaya da tef ka san ko nawa ne.

YI WA KANKA SANDAR AWO

Ka ari tef wurin tela. Fuska biyu gare shi. Wadda lambobinta suka yi nesa da juna, ta ƙare a 60, ita ce inci. Wadda lambobinta suka matsu, ta kai wajen 150, ita ce santimita. Ka tabbata ka gane fuskar da kake karantawa kafin ka yanka komai.

Nemi sanda miƙaƙƙiya busasshiya, ta gora ko ta wani icce mai ƙarfi, ka yanke ta daidai santimita 100. Da fuskar santimita ka sa alama a 5, da 15, da 25, da 50, da 75. Ka yi tsaga da wuƙa ko ka ɗora ƙarfe mai zafi, don fenti da alli ruwan sama zai wanke su. Ta 5 iyakar zurfin ramin masara ce, ta 15 ta dashen tumatir, ta 25 tsakanin ramuka, ta 50 ta bakin famfo, ta 75 tsakanin kunyoyi. Sandar gaba ɗaya kuwa za ta yi maka amfani ranar kafa rumbun masara mai ƙafafu, inda akan so gindinsa ya tashi kamar mita guda daga ƙasa saboda ɓera da laima.

In kana da 'yan ƙwadago, ka yi sanda biyu ko uku iri ɗaya, kowa ya riƙe tasa. Idan ka gamu da wani awo a takarda wanda ba ya cikin sandarka, ka kai takardar da sandar wurin malamin gona ya ƙara maka alama.