Mayen Kuɗi: Cutar da Ake Yi wa Kirari

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa birnin New York na ƙasar Amurka, mu duba wata irin jaraba da ba a kai mai ita asibiti.

Ranar 23 ga Satumba, 2008, kwana 8 ke nan da durƙushewar bankin Lehman Brothers, hankalin masu kuɗin duniya a tashe yake. Da yammacin ranar, daraktocin bankin Goldman Sachs suka yi taro ta wayar tarho, aka shaida musu wani sirri: attajiri Warren Buffett zai zuba dala biliyan 5 a bankin. Duk wanda ya san wannan labari kafin a shelanta shi, ya san farashin hannun jarin bankin zai tashi. Shi ya sa doka ta haramta wa darekta ya fitar da irin wannan magana.

Cikin waɗanda suka ji sirrin akwai wani dattijo mai suna Rajat Gupta. Bayanan wayar da aka gabatar a kotu sun nuna cewa ko minti ɗaya ba a yi da tashi daga taron ba, ya kira abokinsa Raj Rajaratnam, mai kamfanin zuba jari na Galleon. Saura 'yan mintoci a rufe kasuwa da ƙarfe 4, kamfanin Galleon ya sayi hannun jarin Goldman na miliyoyin daloli. Da gari ya waye, ribar ta kusa dala miliyan ɗaya.

To wane ne wannan Gupta? A Kolkata ta ƙasar Indiya aka haife shi a 1948. Kafin ya cika shekara 20 ya rasa uwa da uba, ga ƙanne a hannunsa. Ya yi karatu a Delhi, ya wuce Harvard, ya kama aiki a McKinsey, kamfanin da manyan kamfanoni da gwamnatoci ke biya don ya ba su shawara. Daga 1994 zuwa 2003 shi ne shugaban kamfanin baki ɗaya, kuma shi ne na farko da ya hau wannan kujera alhali ba a Amurka aka haife shi ba. Ya kuma shugabanci kwamitin Global Fund, asusun nan na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda da kuɗinsa aka raba gidajen sauro masu yawa a ƙasashenmu. Dukiyarsa ta kai gomman miliyoyin daloli. Maraya ne da Allah Ya ɗaukaka, ya samu kuɗi, ya samu suna, ya samu mutunci. Me kuma yake nema?

Amsar da ta fi ba da tsoro daga bakin abokin nasa ta fito. Jami'an tsaro sun daɗe suna naɗar wayar Rajaratnam. A wata hira da aka naɗa, an ji shi yana bayyana wa wani cewa Gupta ya ƙwallafa rai ne a kan shiga sahun masu biliyoyi, domin sahun Goldman da yake ciki na masu ɗaruruwan miliyoyi ne. Ku ji fa, jama'a. Mutum yana da abin da jikokin jikokinsa ba za su cinye ba, amma da ya zauna cikin waɗanda suka fi shi sai ya riƙa jin kansa ƙarami.

(GAJEREN KIƊA)

Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Masana ƙwaƙwalwa sun ɗan gano yadda mabuɗin yake juyawa. Wani masani, Wolfram Schultz, ya shafe shekaru yana gwaji da birai a ƙasar Suwizalan. Yakan ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace, yana auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke fitar da sinadarin dofamin, wanda ke zaburar da rai ga neman abu. Idan ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin su yi ta harbawa. Idan birin ya saba, ya san yaushe zai zo da yawan da zai zo, sai su daina zumuɗin isowarsa. Idan kuwa ya sa rai bai samu ba, aikinsu ya faɗi ƙasa da yadda yake a da. Abin da ƙwaƙwalwa ke yi wa murna shi ne abin da ya zarce tsammani. Miliyan ta farko takan hana mutum barci don daɗi. Ta goma ba ta da wannan ɗanɗano, sai an ƙara yawan abin, kamar dai yadda mai shan kodin ke farawa da kwalba ɗaya ya ƙare da uku.

A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a babi ɗaya da shaye-shaye a cikin littafin da take tantance cututtuka da shi. Haɗamar dukiya ba ta cikin littafin, kada wani ya ce mun ce likitoci sun ayyana ta cuta. Sai dai alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Masu bincike a Harvard, ciki har da Michael Norton, sun yi nazarin masu miliyoyi fiye da 4,000, suka tambayi wasu daga cikinsu nawa za a ƙara musu su cika farin ciki. Kaɗan ne suka ce abin da ke hannunsu ya isa. Akasari sun nemi a ninka musu, wasu ma sau goma, kuma mai kaɗan da mai yawa a cikinsu duk bakinsu ɗaya.

Akwai ma wanda ya fito ya tona kansa. Sam Polk, tsohon ɗan kasuwar hada-hadar kuɗi ta Wall Street, ya rubuta a jaridar New York Times a 2014 cewa a shekararsa ta ƙarshe a wurin aiki an ba shi kyautar ƙarshen shekara ta dala miliyan 3.6, ya fusata don a ganinsa ta yi kaɗan. Yana da shekara 30 a lokacin. Ya taɓa fama da giya da ƙwaya, don haka ya san yadda abin yake a jiki, kuma ya ce irin wannan jarabar ce ya ji game da kuɗi.

(KIƊA)

Mu koma kotu. A watan Yunin 2012 aka samu Gupta da laifi. Masu gabatar da ƙara suka nemi a ɗaure shi shekara 8 zuwa 10. Nan fa wasiƙun neman sassauci suka yi ta sauka a teburin alƙali Jed Rakoff, har fiye da 400, ciki da ta Bill Gates da ta Kofi Annan. Lauyoyinsa suka ba da shawarar a bar shi ya je Ruwanda ya yi wa talakawa hidima a maimakon kurkuku. Alƙali bai yarda da wannan ba, ya yanke masa shekara 2 da tarar dala miliyan 5. Shi Rajaratnam shekara 11 aka ba shi. Adalci ne mu faɗa cewa Gupta bai taɓa amsa laifin ba, lauyoyinsa sun nace cewa ko sisi bai ci ba a cinikin, kuma ya maimaita haka a littafin da ya fitar a 2019.

Yanzu ku ajiye wannan a gefe, ku ji wani. A 1995, a jihar Kalifoniya, wani tsohon soja mai suna Leandro Andrade, wanda hodar heroin ta riga ta ci ƙarfinsa, ya saci kaset-kaset na bidiyo guda 9 a shaguna biyu. Kuɗinsu bai wuce dala 154 ba. Da yake yana da tsofaffin laifuka, kuma jihar tana da dokar tsananta wa wanda ya maimaita laifi sau uku, aka yanke masa aƙalla shekara 50. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta bar hukuncin yadda yake. Dokokin da aka yi wa mutanen biyu shari'a da su daban ne, gaskiya ne. Amma al'umma ɗaya ce ta rubuta su duka, kuma a rubutun nata ta nuna jarabar da take tsoro da wadda take girmamawa.

Ni a nawa ganin, nan gizo ke saƙar. Ɗan ƙwaya idan ya matsu, iyayensa yake sata, unguwarsa yake addaba, kowa na ganinsa. Mai mayen kuɗi ɓarnarsa tana rarrabuwa ne a kan miliyoyin mutane, kowa ya ɗan taɓu ba tare da ya san hannun da ya taɓa shi ba. Rikicin kuɗi na 2008 ya raba miliyoyin Amurkawa da gidajensu da ayyukansu, gwamnati ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, amma babban ma'aikacin banki ɗaya tak na Wall Street aka ɗaure kan abin da ya jawo rikicin. A 2021 kafar binciken ProPublica ta samu bayanan haraji, ta nuna cewa tsakanin 2014 da 2018 dukiyar Amurkawa 25 mafiya arziki ta ƙaru da dala biliyan 401, harajin kuɗin shiga da suka biya gwamnatin tarayya kuwa biliyan 13.6 ne. Kashi 3.4 cikin ɗari ke nan na ƙaruwar, kuma ba su karya doka ba.

Me ya sa jama'a ke haƙuri? Wani ɓangare rashin sani ne. A binciken da Norton da Dan Ariely suka wallafa a 2011, Amurkawa sun ɗauka cewa kashi 20 cikin ɗari na sama suna riƙe da kusan kashi 59 na dukiyar ƙasar, alhali abin ya kai kusan kashi 84. Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar faɗa: da yawanmu ba tsarin muke ƙi ba, matsayinmu a cikinsa muke ƙi. Kowa na jiran ranarsa.

Kada mu yi ta nuna Amurka da yatsa mu manta da gida. A 2017 ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta dukiyar mutum 5 mafiya kuɗi a Najeriya a dala biliyan 29.9. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, wato rashin abinci, ko asibiti, ko makaranta, ko ruwa mai tsafta, kuma akasarinsu a Arewa suke. Ba cewa muke yi arziki laifi ne ba. Fatauci da neman na kai gadonmu ne, kuma akwai attajiran da guminsu ne, suna fitar da zakka, suna ɗaukar dubban ma'aikata. Amma mun san yadda ake yi a wurin biki da gidauniya. Mutum ya riƙe ofis shekara huɗu, albashinsa sananne, ya fito da gidajen da albashin shekara ɗari ba zai saya ba. Ya shigo a makare, a tashi malami a ba shi kujera, maroƙi ya ɗauka, a ce Allah ne Ya ba shi. Wanda ya tambayi inda aka samo, a ce hassada ke cin sa. A ƙofar wannan zauren kuma, yaron da ya saci waya sai dai 'yan sanda su ƙwace shi a hannun jama'a.

Ina jan hankalin malamanmu masu hawa mumbari, da shugabannin ƙungiyoyi masu karɓar gudummawa, da mu kanmu 'yan jarida da ke karanta sanarwar karramawa: kafin a tafa, a tambayi tushen kuɗin. Ku kuma masu sauraro, ku aiko mana da ra'ayoyinku, musamman idan a garinku an taɓa mayar wa wani mai kuɗi kyautarsa saboda ba a yarda da asalinta ba. Za mu karanta su a shiri na gaba.

(KIƊAN RUFE SHIRI)