Kuɗi ko Hatsi: Wanne Za Mu Aika wa 'Yan'uwanmu na Sudan?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, yunwa ta shiga yankunan da suka saba ciyar da ƙasar. A Disambar 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, babban birnin Jazira, a Yunin 2024 kuma suka shiga Sinja. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Hausawa da Fulanin da ke zaune a bakin Shuɗin Nilu, yankin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903.

Masallatai da ɗalibai suna tambayarmu: in mun tara gudummawa, hatsi za mu saya ko kuɗin za mu tura?

Amsar tana ga kasuwa. Inda akwai dawa a kasuwa amma mutane ba su da abin saye, kuɗi sun fi. Ana tura su ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum, su isa ba tare da hayar mota ko shingen 'yan bindiga ba. Magidanci ya sayi abin da ya fi buƙata, ko abinci ko magani, ɗan kasuwar garin ma ya samu ciniki. Amma inda aka toshe hanya, rumbuna suka ƙare, kuɗi sai dai su ƙara tsada. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, abinci Sayyidina Umar ya nema daga lardunan Musulunci, domin shi ne babu a Madina.

Ta fuskar Shari'a, sadakar nafila ba saɓani a kanta. Malaman Malikiyya sun halatta kai zakka wani gari idan mutanensa sun fi buƙata. A zakkar fidda-kai, jumhur sun tsaya kan abinci, Imamu Abu Hanifa kuwa ya halatta ba da ƙima.

Saboda haka, kafin mu tura, mu tambayi amintattun mutanen garin: Akwai hatsi a kasuwa? Intanet na aiki? Nawa masu canji ke cira kafin su ba da tsabar kuɗi? Sannan a rubuta abin da aka tura da wanda ya karɓa, domin amana ce.

Allah Ya yaye musu wannan musiba, amin.