Adire: rinin da uwa ke koya wa ɗiyarta a ƙasar Yarbawa

A ƙasar Hausa rini aikin maza ne, a bakin karofi. A Abeokuta da Ibadan na Nijeriya kuwa, mata ke riƙe da tukunyar baba, su ke yin zanen nan mai suna adire.

Ba a rubuce ilimin yake ba. Yarinya tana zaune kusa da uwarta ko kakarta, ta fara da ƙulle farin yadi da zaren tukurwa, don kada shuni ya shiga inda aka ɗaure. In hannunta ya faɗa, sai a ba ta gashin kaza ta riƙa zana ƙullun rogo bisa yadi. Kowane zane da sunansa, kamar Olokun ko Ibadandun. Haɗa ganyen elu da ruwan toka har tukunya ta nuna shi ne mai wuya, kuma nan ne kowane gida ke ɓoye sirrinsa.

Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a 1951, gun kakar mahaifiyarta ta koya. A 1983 ta buɗe cibiya a Osogbo inda ake koyar da sana'ar kyauta, har ga waɗanda ba su gada ba.

Damuwar matan kasuwar Itoku ta Abeokuta yanzu ita ce yadin kwaikwayo da injin ke bugawa a China, mai araha. In zanen hannu bai saye ba, da wuya uwa ta iya tsare ɗiyarta a bakin tukunya.